Shagon da ya gabatar wa kwamfutata da agogonta: sharhi kan wani mai gyaran ƙananan na'urori a Yamai

Sana'ata sayar da maganin dabbobi ce a Yamai, kuma kusan rabin jarina yana kwance a cikin firiji biyu, domin yawancin alluran rigakafi ba sa jure ɗumin da ya wuce digiri 8 ko sanyin da ya gaza digiri 2. Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu da na Mayu a garin nan ya san cewa zafin rana kan haura digiri 40, kuma a daidai wannan lokaci ne kuran, wato wutar lantarki, ya fi yawan ɗaukewa. Bukatata ba mai yawa ba ce. Ina son ƴar na'urar da za ta riƙa rubuta sanyin firijin duk bayan minti biyar, tare da kwanan wata da sa'a, yadda idan gari ya waye zan san tsawon lokacin da maganin ya yi babu wuta, in yanke shawarar ko na sayarwa ne ko na zubarwa.

Wani saurayi ne ya fara haɗa mini ita a kan ƙaramin allon kwamfuta na Raspberry Pi 4, ya liƙa masa ma'aunin zafi da wani ɗan agogo mai batir, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Na'urar ta yi ta rubutu har ranar da aka ɗauke wuta tun bayan sallar isha'i, ba a dawo da ita ba sai gab da asuba. Da na buɗe kundin da safe ban ga giɓin daren ba ko kaɗan, sai ma na tarar sa'ar ta koma baya da ƴan mintoci ta ci gaba da tafiya kamar babu abin da ya faru. Shaidar da na ajiye domin wannan dare ita ce ta yi mini ƙarya a cikinsa. Wannan ne ya kai ni shagon da nake son yin magana a kansa.

Shagon yana wani lungu kusa da kasuwar Katako, tsakanin masu sayar da wayoyin lantarki da masu walda, kuma babu allon suna a ƙofarsa, mutanen layin ne ke nuna wa baƙo. Ɗaki ɗaya ne mai teburi biyu da fanka ɗaya, ga tsofaffin kwamfutocin hannu jibge har kusan rufi. Maigidan matashi ne wanda ba zai wuce sa'an babban ɗana ba, yana da yaron shago guda. Ban ga alamar zai burge ni ba da farko, domin ya bar ni tsaye na ɗan lokaci yana ƙarasa wani liƙi kafin ya ɗago kai ya amsa sallamata da kyau.

Abin da ya fara yi shi ne ya haɗa allon da talabijin ɗinsa, ya buga umarnin i2cdetect -y 1, sai wani jadawali ya fito, duk gidajensa babu kowa in ban da biyu, ɗaya ɗauke da lamba 68, ɗaya da 57. Ya nuna mini 68 ɗin da bakin sukudireba ya ce: "Alhaji, agogonka lafiyarsa ƙalau, yana nan yana amsa kira. Matsalar ita ce babu wanda ya gaya wa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da allon, cewa agogo ne." Na ce masa ban gane ba, ai idan na cusa kebul na USB a kwamfuta nan take take gane abin da na saka mata. A nan ne ya ja mini kujera, kuma bayanin da ya yi a cikin rabin awar da ta biyo baya shi ne ya sa na ga shagon ya cancanci a rubuta labarinsa.

Na'urorin USB da na PCI, wato katunan da ake cusawa a cikin kwamfuta, in ji shi, suna zuwa da takardar shaidarsu. Da zarar an haɗa su, kwamfuta takan tambaye su, su kuma su faɗi lambar kamfanin da ya ƙera su da lambar samfurinsu, sai cibiyar Linux, wato ɓangarenta da ke magana da na'urori, ta duba cikin direbobinta, ƙananan manhajojin da kowanne ke sarrafa irin na'urarsa, ta ɗauko wanda ya dace. Amma agogon nawa, samfurin DS3231, yana kan wata hanya ce daban da ake kira I2C, wadda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a shekarar 1982 domin ƙananan sassan da ke cikin na'ura ɗaya su riƙa magana da juna. Waya biyu ce kawai, ɗaya ta saƙo ɗaya ta bugun lokaci, kuma a allon Raspberry Pi suna kan ƙafa ta 3 da ta 5 daga cikin ƙafafu 40 da ke jere a gefensa. Kowace na'ura a wannan hanya tana da adireshi, idan an kira adireshin takan amsa cewa tana nan, amma tsarin bai tilasta mata faɗin ko ita wace ce ba. Kamar mutum ne ya yi sallama a ƙofar gida da dare a amsa masa daga ciki: ya san akwai mutum, bai san ko maigidan ne ko baƙo ba.

Ya ƙara da cewa lamba 68 ba ta DS3231 ce ita kaɗai ba. Tsohon agogon DS1307 ma a nan yake zaune, haka nan PCF8523, haka kuma wata na'urar auna motsi da juyi mai suna MPU6050 wadda ba ta da wata alaƙa da lokaci. Idan cibiyar Linux ta ce za ta yi cinke, tana iya aika wa ma'aunin motsi umarnin saita agogo, ko ta rubuta wani abu cikin ma'ajiyar da bai kamata a taɓa ba. Saboda haka ba ta cinke. Tana jira a kawo mata rubutaccen bayani na abin da ke kan allon, kuma abin da aka rubuta mata shi take gaskatawa.

Wannan rubutaccen bayani shi ne ake kira bishiyar na'urori. Manhajar tushe ta allon, wadda ke fara tashi kafin Linux, ita ce ke ɗauko shi daga katin ajiya ta miƙa wa cibiyar a lokacin kunnawa. Ya buɗe mini ita a /proc/device-tree, na ga rassa cikin rassa: ga ƙwaƙwalwar allon, ga ma'ajiya, ga mai kula da hanyar I2C, kuma a ƙarƙashin wannan na ƙarshe, inda ya kamata reshen agogo ya kasance, babu komai. Reshen da ake bukata gajere ne ƙwarai. Layi ɗaya mai suna reg yana faɗin adireshi, wato 0x68, wani layin mai suna compatible yana faɗin sunan kamfani da samfuri, wato "maxim,ds3231". Idan mai kula da hanyar ya tashi, cibiyar takan bi rassan da ke ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya ta yi wa kowanne rajista a matsayin na'ura, sannan ta nemi direban da wannan suna ke cikin jerin sunayen da ya ce ya iya da su. Direban da ke ɗaukar DS3231 sunansa rtc-ds1307, domin shi ke kula da dangin agogunan nan da yawa, kuma sunan da aka rubuta a reshen ne ke sanar da shi wanne daga cikinsu ke gabansa.

Na tambaye shi ko sai an sake rubuta bishiyar gaba ɗaya, ya ce a'a, faci ake yi mata kamar yadda mai faci ke yi wa tayar babur. Masu Raspberry Pi sun tanadi tarin irin waɗannan faci, aikin mai gyara shi ne ya san wanda zai kira. Ya buɗe fayil ɗin config.txt ya ƙara layin dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a ƙarƙashin wanda ke kunna hanyar I2C, ya kashe allon ya kunna. Da ya sake buga umarnin farko, gurbin 68 ya koma UU, alamar cewa wani direba ya riƙe adireshin, kuma sabon fayil mai suna /dev/rtc0 ya bayyana. Ya saita sa'a daga intanet ɗin wayarsa, ya rubuta ta cikin agogon da umarnin hwclock -w, ya tabbatar an zaɓi yankin lokacin Yamai, domin agogon yana riƙe lokacin duniya ne, namu kuwa yana gabansa da awa ɗaya. Daga nan ya cire fake-hwclock, wadda ita ce ta yaudare ni: allon Raspberry Pi 4 ba shi da agogo mai batir na kansa, don haka wannan manhaja kan ajiye sa'a a fayil duk bayan awa ɗaya, idan an kunna allon ta ɗauko ta ƙarshe ta ce yanzu ke nan. Inda akwai intanet kuskuren kan gyaru cikin ɗan lokaci, a ɗakin ajiyata kuwa babu intanet. Gyaran da ya hana ni barci mako guda layi ɗaya ne, amma sai wanda ya san dalilin layin ne zai rubuta shi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne bai tsaya a nan ba. Ya ce akwai masu gyara da ke rubuta ds1307 a wurin ds3231 saboda sun ga sa'a tana fitowa daidai, kuma direban ba zai musa ba, tun da wannan agogo ba shi da lambar shaida da za a karanta a cikinsa. Sai dai wanda ya yi haka ya yi asarar ma'aunin zafin da ke cikin DS3231, wanda direban ke fitarwa idan an kira agogon da sunansa na gaskiya. Wannan ma'auni shi ne sirrin agogon, domin da shi yake gyara bugunsa idan zafi ya sauya, har masu ƙera shi suka ce kuskurensa ba ya wuce kashi 2 cikin miliyan tsakanin digiri 0 da 40, abin da ya kama kusan minti ɗaya a shekara. Sama da digiri 40 kuskuren kan iya kaiwa kashi 3.5 cikin miliyan, wanda ga mai lissafin awannin ɗaukewar wuta ba wani abu ba ne. Lamba 57 kuwa wata ƴar ma'ajiya ce da ake liƙawa a jikin irin waɗannan agoguna masu araha, ba mu da bukatarta, ya bar ta babu reshe.

Daga baya na nemi ya ƙara mini ma'aunin laimar ɗakin ajiya, saboda kwalayen magani da damina, na kawo masa wanda na saya a wani kanti da sunan BME280. Ya rubuta facinsa, ya kunna, sai direban ya yi ƙorafi a kundin saƙonnin cibiyar cewa lambar shaidar ba ta dace ba. Wannan samfurin, ba kamar agogon ba, yana da lamba a cikinsa: BME280 na gaske kan amsa da 0x60, nawa kuwa ya amsa da 0x58, wadda ta BMP280 ce, ƙaninsa da ke auna zafi da nauyin iska amma ba ya auna laima. Su biyun suna zama a adireshi ɗaya, 76 ko 77, kuma a ido sai mai lura sosai ke bambanta su. Maigidan bai yi ƙoƙarin ɓoye mini ba, bai kuma rubuta sunan da zai sa ƙorafin ya ɓace ya miƙo mini kaya ba. Ya nuna mini layin ya ce: "Alhaji, an sayar maka da ƙane a kuɗin wa. Ka mayar musu, in sun ƙi, zan samo maka na gaske." Na mayar, kuma bayan doguwar magana aka canja mini.

Batun ma'aunin zafin cikin firiji kuwa, ya ƙi yarda a ja wayar I2C zuwa can, domin hanyar an yi ta ne don tazara gajera, idan waya ta yi tsawo saƙon kan lalace. Ya zaɓi DS18B20 mai kan ƙarfe wanda ruwa ba ya shiga, guda biyu a kan waya ɗaya. Wannan yana kan hanyar 1-Wire ne, inda kowace na'ura ke da lambarta ta musamman da aka ƙera ta da ita, wadda ke farawa da 28 ga wannan samfuri, don haka bishiyar ba ta bukatar sunan kowane ma'auni. Abin da kawai ake gaya mata shi ne ƙafar da wayar take, da layin dtoverlay=w1-gpio, sauran kuma direban ya nemo su da kansa. Na ga hikimar a fili: a kan allo ɗaya akwai masu faɗin sunansu da bakinsu, akwai kuma waɗanda sai an gabatar da su.

Ɗana da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ya raka ni zuwa na biyu, kuma hirarsu ta kai su ga asalin bishiyar, ni kuwa ina saurare. Dabarar ta fito ne daga kamfanin Sun na Amurka, aka mayar da ita ƙa'ida mai lamba IEEE 1275 a 1994, kuma kwamfutocin Apple na zamanin PowerPC sun yi aiki da ita. A ɓangaren allunan da ƙwaƙwalwarsu samfurin ARM ce, irin wanda Raspberry Pi ke ciki, da can kowane allo yana da fayil ɗinsa a cikin cibiyar Linux inda ake jera na'urorinsa da hannu, har fayilolin suka yi yawan da ya sa Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fito fili ya yi faɗa a 2011, daga nan aka juya zuwa bishiyar na'urori. Kwamfutocin hannu da ke jibge a shagon kuwa wata hanya suke bi mai suna ACPI, wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, kuma sigarta ta 5.0 ta 2011 ce ta kawo hanyar bayyana na'urorin I2C da na wata hanya makamanciyarta mai suna SPI. Maigidan ya ce da yawa daga cikin waɗanda ake kawo masa da kukan faifan shafawa, wanda ke zaman linzamin kwamfutar hannu, ya daina aiki bayan an saka Linux, faifan lafiyarsa lau, yana kan I2C ne, bayanin da ke cikin manhajar tushe ne cibiyar ba ta fahimta ba ko aka rubuta shi da kuskure. Ya amsa cewa wannan ya fi wuyar gyara, domin bayanin yana cikin kwamfutar ne inda kamfani ya sa shi, ba a fayil ɗin da kowa ke iya buɗewa ba, kuma ba kowanne yake cin nasara a kansa ba. Na ji daɗin wannan amsa fiye da a ce ya yi mini kurin ya iya komai.

Yanzu ga inda shagon ya gaza, domin ya gaza. Saurayin farko ya haɗa agogon da wutar volt 5, kuma irin waɗannan agoguna masu araha suna da ƴar da'irar caji da aka yi domin batir mai karɓar caji, alhali wanda ke ciki CR2032 ne, wanda ba a cajinsa. Maigidan ya lura da wannan, ya mayar da wayar kan volt 3.3, wanda shi ne ya dace da ƙafafun allon ma, amma ya bar tsohon batirin da ya riga ya sha wahala. Bayan ƴan makonni aka yi doguwar ɗaukewar wuta, da safe na tarar kundin yana cewa muna ranar 1 ga Janairu ta shekarar 2000, wato inda agogon ke komawa idan wuta ta yanke masa gaba ɗaya. Batir ne da kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, kuma mutumin da ya iya karanta lambar shaida a cikin ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero uku ba bai kamata wannan ya wuce shi ba. Ya ba da haƙuri, ya canja batirin, ya cire ƴar da'irar cajin gaba ɗaya, bai karɓi ko dala ba, amma na yi asarar kundin dare guda da kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa.

Alkawarin lokaci ma ba ƙarfinsa ba ne. Ya ce in dawo ranar Laraba, aikin bai kammala ba sai Asabar, kuma ba ya ɗaga waya idan yana kan liƙi. Wurin zama ɗaya ne, hayaƙin dalma yana cika ɗakin, kuma babu rasit sai ka nema. Kuɗin aikinsa ya fi na saurayin farko, ko da yake bai kai kuɗin allon kansa ba, kuma ba ya son ciniki mai tsawo.

Sai dai akwai abu guda da ya yi wanda ban taɓa ganin wani mai gyara ya yi mini ba. Ya rubuta a takarda duk layukan da ya ƙara a config.txt, da adireshin kowace na'ura, da ƙafar da kowace waya take, da lambobin ma'aunan firiji biyun domin a san wanne ne na wanne, ya manna ta a cikin murfin akwatin. Ya kuma kwafa mini katin ajiyar a wani kati na biyu, saboda ɗaukewar wuta ba zato kan lalata kati. Takardar da Faransanci ya rubuta ta, na so a ce da Hausa ce, amma ɗana ya fassara mini a bayanta. Amfaninta shi ne ko gobe maigidan ya tashi daga Katako, duk wanda na kai wa akwatin zai san abin da aka gaya wa cibiyar da dalilin gaya mata.

Wanda zai sayi sabon allo domin irin wannan aiki yana iya duba Raspberry Pi 5, wanda ya fito a 2023 da agogonsa a jiki da wurin saka batir, kuma bishiyarsa ta riga ta san da shi, sai dai ya fi cin wuta kuma ya fi bukatar abin sanyaya shi, abin da ya kamata mai ɗakin ajiya a Yamai ya auna. Maigidan ya ba ni shawarar in zauna a kan na 4 tun da yana hannuna, in ƙara masa ƙaramin batirin ajiya domin ya ci gaba da rubutu a farkon awannin ɗaukewar wuta, na kuwa bi shawarar. Mai neman a canja masa gilashin waya cikin gaggawa ya nemi wani shagon, domin a nan zai gaji da jira. Mai famfon sola da ke son auna ruwa, da mai injin ƙyanƙyasar ƙwai, da ɗalibin da ma'auninsa ya ƙi fitowa alhali wayoyinsa daidai suke, su ne shagon zai yi wa rana, kuma ina ba su shawarar su tafi da sabon batir a aljihu, su kuma nemi takardar kafin su biya. Daren Talatar da ta wuce an ɗauke wuta, batirin ajiyar ya riƙe allon har ya ƙare, kuma da safe kundin ya nuna giɓin awa biyu da minti arba'in, firiji na farko yana digiri 6 na biyu yana digiri 9, sai na ware kayan na biyun gefe na kira likitan dabbobin da nake aiki da shi.